Neman kalmar Hausa: me za mu kira furobeshan na jami'a?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum, malamai. Tun da aka kafa jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau a 2013, ga kuma jami'ar jihar Kebbi ta Aliero da ta riga su, yaranmu da yawa suna karatu kusa da gida, sakamakonsu kuma yana kaiwa hannun iyaye. Kalmar da ke tayar da hankali ita ce furobeshan. Uba ya ji ta ya ɗauka an kori yaro, wani kuma ya ɗauka ba komai ba ce. Duka biyun kuskure ne. Wace kalma za ta faɗi gaskiyar abin?

'Yar Yawuri: Wa alaikumus salam. Malam, a fara shimfiɗa abin kansa kafin a raɗa masa suna. A ma'aunin maki biyar, 70 zuwa sama A ce, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 F ce, babu ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa, wato yunit. Ana ninka makin da yunit, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista tun shigowarsa. Abin da ya fito shi ne CGPA. Idan shekarar karatu ta ƙare yana ƙasa da iyakar da jami'a ta gindaya, ya shiga furobeshan. Wasu jami'o'in 1.00 ce iyakarsu, wasu 1.50, don haka kowa ya duba littafin ƙa'idojin makarantarsa. Yaron yana nan a matsayin ɗalibi, yana shiga aji, yana rubuta jarrabawa. Lokaci aka ba shi, galibi shekarar karatu guda, ya ɗaga makinsa.

Na Ƙaura: To ai jan kunne ke nan.

'Yar Yawuri: Jan kunne magana ce, ana yi a wuce. Wannan kuwa yana da ranar ƙarewa, da hukuncin da ke jira a ƙarshe.

Bagumme: Ni ɗaurin talala nake gani. Duk mai kiwo ya san talala: igiya ce mai tsawo, dabba na kiwo tana zagayawa, amma akwai inda ba za ta wuce ba. Haka ɗalibin yake. Ba shi da ikon zaɓen kwasa-kwasai yadda ya ga dama, dole ya fara da waɗanda ya faɗi, abin da ya rage na yunit ne zai cike da sababbi. Yawanci zango guda ba ya wuce yunit 24, ba ya gaza 15. Idan waɗanda ya faɗi sun cinye 12, sauran 12 kawai ke hannunsa, wasu jami'o'in ma rage masa suke yi.

Ɗan Jega: Allah ya gafarta Malam, kamancen ya zauna daram. Abin da nake tsoro shi ne kunnen mai sauraro. Gidajen rediyo sun saba faɗin ɗaurin talala ga wanda hukuma ta tsare a gidansa. Uwa a Bunza ko Anka ta ji an yi wa ɗanta ɗaurin talala a jami'a, abin da zai fara zuwa ranta laifi ne, ko satar jarrabawa ko rikici. Alhali yaron bai taka doka ba, maki ne ya gaza.

Bagumme: Wannan hujja ce, na karɓa. To lokacin gwaji fa, yadda ake faɗa wa sabon ma'aikaci?

'Yar Yawuri: Shi sabon ma'aikaci ba a san aikinsa ba tukuna, shi ya sa ake gwada shi. Wannan an riga an ga aikinsa, an ga giɓi. Ni wa'adin gyara nake so. Wa'adi ya nuna akwai iyakar lokaci, gyara ya nuna akwai aikin yi, aikin kuma lissafi ne da za a iya zaunawa a yi wa uba a takarda. A ce yaro ya ɗauki yunit 40 a shekarar farko ya fita da 0.80, wato ya tara maki 32. Ya sake ɗaukar 40, jimilla 80. Idan iyakar 1.00 ce, yana buƙatar maki 80, saura 48, wato matsakaicin 1.20 a sabuwar shekarar. Idan kuwa 1.50 ce, 120 ake nema, saura 88, matsakaicin 2.20, sai ya riƙa samun D da C kusan ko'ina. Inda yara ke ruɗuwa: a yawancin jami'o'inmu cin kwas a karo na biyu ba ya goge F ɗin farko, duka biyun suna cikin lissafi. Shi ya sa faɗuwa a kwas mai yunit 3 ko 4 ta fi ciwo, kuma shi ya sa wanda ya cika kansa da yunit don ya kamo abokansa yakan ƙara nutsewa. Akwai kuma wanda ke yin rajistar kwas ya ƙi zuwa jarrabawa, yana zaton ba za a lissafa ba. F za a rubuta masa.

Na Ƙaura: Hajiya, wa'adin gyara ya shiga kunne. Idan wa'adin ya cika bai gyara ba fa? Kora?

'Yar Yawuri: A'a, a bar kora ga mai laifi, kamar yadda dakatarwa take ga wanda aka hana karatu zango ɗaya ko biyu saboda laifi. Wanda maki ya gaza masa sallama aka yi. Ita ma iri biyu ce, kuma ya kamata iyaye su san bambancin: sallama daga sashe, inda ake iya ba shi damar komawa wani fannin da ya cika sharuɗɗan shigarsa, da sallama daga jami'a baki ɗaya. Akwai ta uku da ba ruwanta da faɗuwar CGPA, wato cikar shekaru. Digirin shekara 4 yawanci ba a wuce 6 ana yinsa.

Bagumme: Kariyoba kuma, wato kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi ya rage masa ya sake ɗauka, a ce bashin kwas. Duk Bahaushe ya san bashi sai an biya, kuma ba a ba da digiri da ragowar kwas na dole a wuyan ɗalibi.

Ɗan Jega: Madalla. Ga yadda za a faɗa wa uba ke nan: “Ɗanka yana cikin wa'adin gyara na shekara guda, akwai bashin kwas huɗu a kansa. Idan makinsa bai kai iyaka ba a ƙarshen shekarar, za a sallame shi daga sashen.” Saura CGPA. Matsakaicin maki na jimilla ya yi wa baki tsawo, a kawo shawara.

Na Ƙaura: Tararren maki. A gwada shi a jimla a ji: tararren makinsa 0.80 ne.