Yelwa ko Sabuwar Bussa? Musayar baitoci a kan Tafkin Kainji

Ɗan Yelwa:

Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Tafkin Kainji yana kwance tsakanin Jihar Kebbi da Jihar Neja, kowace da garinta a bakin ruwa. Ni na tsaya wa Yelwan Yawuri. Wanda yake ganin nasa ya fi, ya amsa da baiti. Babban amsa-amo "wa" ne, a riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara,
Wanda ya shimfiɗa kogin Kwara,
Salati ga Manzo in ƙara,
Sannan in yabi garin Yelwa.

Jihar Kebbi ce ta riƙe Yawuri,
Ƙasa mai sarauta tun da wuri,
Ka sauka a tasha ka ji ƙauri,
Na bandar tarwaɗa da giwan ruwa.

Da hantsi jirage sun yi layi,
Iskar tafki tana kawo sanyi,
Fataken Kudu suna ta yin tayi,
Kan albasar da Gungawa ke nomawa.

Ranar Rigata ka zo ka gani,
Tseren kwale-kwale ne da rani,
Sarki na zaune, a nan ake yini,
Kiɗa na tashi, ruwa na amsawa.

To mutanen Neja, ga fili nan,
Ku kawo garinku na bakin ruwan nan,
In ya kai Yelwa, mu ji a nan,
Mu auna su a sarari, ba ɓoyewa.

'Yar Borgu:

Wa alaikumus salam, Malam. Na karɓa, daga Sabuwar Bussa.

Malam, yabonka ya yi daɗi,
Amma tafkin nan mai faɗi,
Ina aka ɗaure shi? Sai ka faɗi,
A Kainji ne, ƙasar Bargawa.

Mu ne muka ba da tsohon gari,
Aka ce mu tashi mu bar wuri,
Aka zana sabo bisa tsari,
Muna kallo ruwa na rufewa.

A nan Mungo Park ya ƙare tafiya,
Duwatsun Bussa suka tare hanya,
Yau jirgi na bi ta kansu lafiya,
Ba dutse, ba gida, sai igiyar ruwa.

Muna da cibiyar bincike,
Masana na auna kifi a tsanake,
Ɗalibai daga nesa suna a farke,
Suna koyon kiwo da ƙyanƙyasawa.

Kainji, Shiroro, ga Zungeru,
Madatsun Neja ne suka jeru,
Wayoyin wuta a nan suka taru,
Kafin gidaje su samu ta kunnawa.

Ga masu son lissafi: an fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Shi kuwa Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, a 1806 ya mutu a ruwan Bussa. Kakata har ta rasu ba ta daina kiran tsohon garin "gida" ba, sabon kuwa ta ce masa "nan".

Basarken Warra:

Hajiya, Malam, ku saurara,
Ni masunci ne daga Warra,
Da birgi ubana ya fara,
Da shi nake ciyar da 'yan uwa.

In na shimfiɗa kalli a Kebbi,
Karfasa ba ta tambayar wa za ta bi,
Gobe tana Neja, ta dawo jibi,
Ba ruwanta da iyakar da ake zanawa.

Malale nake kai kifina,
Kasuwar Neja ce, can ne cinikina,
A Yelwa nake sayen gishirina,
Wace zan ɗauka, wace zan yi yarwa?

Farin ruwa na zuwa kafin kaka,
Baƙi daga tsaunin Gini yake sauka,
Sai hunturu yake iso mana, kullum haka,
Da su muke auna lokacin shukawa.

Amma ku bar ni in faɗi ciwo,
Ina yaro giwan ruwa muka jawo,
Maza biyu suka ɗauka suka kawo,
Yau warangi kaɗai taru ke tarawa.

Tarun nan mai ƙanƙanin ido,
Yana share 'ya'ya har ƙarƙashin bado,
In mun cinye iri, ina gado?
Me jikokinmu za su je kamawa?

Itatuwan dajin da ruwa ya ci,
Kututturansu na ƙasa, ba sassauci,
Jirgi ya cika maƙil cikin ƙunci,
Ya daki guda, sai labarin nutsewa.

Ku yi mini afuwa, na sa kuka cikin wasanku. Amma duk wanda ke bakin ruwan nan bai manta watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga ɓangaren Neja da mutane sama da 100 ya nutse kusa da Warra. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ɗan Yelwa:

Amin Baba, Allah ya jiƙansu,
Ya ba da haƙuri ga iyalansu,
Masu jirage su rage lodinsu,
Rigar kariya kowa ya riƙa sanyawa.

Hajiya, kin ce kun ba da gari,
Gungawanmu ma sun bar wuri,
Tsibiran da suka gada tun fari,
Suka koma tudu suna waiwayawa.

Kin jera madatsai, ni ga Argungu,
Matan Fada ta tara gungu-gungu,
Da homa da gora, daga kowane lungu,
Ga shinkafar fadama ana ta girbewa.

Kuma in zancen daɗewa ake, tun 1888 fadar Yawuri take a Yelwa. Kafin nan sarauta ta daɗe a Birnin Yawuri. Garinmu ya girmi tafkin nesa ba kusa ba, shi ya zo ya same mu.

Bakano:

Ku ba baƙo wuri, ni Bakano ne,
Tiga da Bagauda namu ne,
Amma Kainji a gabansu babba ne,
Wane gari zan fara ziyartawa?

Na daɗe da jin labarin daji,
Mai gwanki da ɓauna, haka na ji,
Hajiya, gaya mini gaskiya in ji,
Har yanzu ana kai baƙi zagayawa?

'Yar Borgu:

Maraba ƙanena, Bussa ka zo,
Ka dubi madatsa da safe cikin hazo,
Ka ga aikin da aka yi da ƙwazo,
Ruwa na ruri, injuna na juyawa.

Gandunmu biyu ne, Borgu da Zugurma,
A kogin Oli dorina ta girma,
Amma yau da 'yan bindiga ake fama,
Ban yarda ka shiga ba, ɗan uwa.

Ka zo lokacin Gani ka ga dawaki,
Ana busa algaita da kakaki,
Ka gai da Sarki, ka gangara tafki,
Ka ci ragon ruwa sabon gasawa.

Malam, na yarda Gungawa sun yi rashi irin namu, Allah ya mayar musu da alheri. Amma Argungu ba ta bakin tafkin nan, kogi ne nata, don haka ban ƙirga maka ita ba. Kuma ka tuna, Borgu tana cikin Jihar Kwara har 1991, shekarar da aka mayar da mu Neja. A wannan shekarar aka cire Kebbi daga Sakkwato. Ke nan maƙwabtakar jihohin namu a bakin ruwan nan ƙanwar madatsa ce.

Ɗan Yelwa:

Hajiya, na janye Argungu na ajiye,
Yelwa kaɗai ta isa, tana tsaye,
Kasuwa da fada duk ba a ɓoye,
Baƙon nan namu ne, ba jayayyar yawa.

Ƙanena, in ka iso Kontagora,
Titin Yelwa zai yi maka jagora,
Ka kwana gidanmu, ka sha fura,
Da safe Baba ya kai ka tsallakawa.

Basarken Warra:

Zan kai shi, amma ba na tuƙi da dare,
Rigar kariya a jikinsa a ɗaure,
In iska ta taso, mu tsaya mu daure,
Ta kwanta, sannan mu ci gaba da tuƙawa.

A Malale zan sauke shi. Hajiya, ki turo wanda zai tarbe shi a bakin ruwa ya kai shi Bussa.