Me ya sa ake tsananta hukunci idan ƙiyayya ce ta jawo laifi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai abin da yake ɗaure mini kai game da laifin ƙiyayya, wato wanda ake yi wa mutum saboda addininsa, ƙabilarsa, launin fatarsa ko nakasarsa. A wasu ƙasashe, idan kotu ta gamsu cewa ƙiyayya ce ta ingiza mai laifi, sai a ƙara masa hukunci. Ni kuwa a ganina kisa kisa ne, ko wa aka kashe. Ashe wannan ba hukunta mutum ba ne a kan abin da ke zuciyarsa, kuma ba fifita wasu jama'a a kan wasu ba ne?

Ɗalibar Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malam. Ai shari'a ba ta taɓa kawar da kai daga niyya ba, shi ya sa hukuncin kisan ganganci ya bambanta da na kuskure. Wannan ƙorafi naka ya je gaban Kotun Ƙolin Amurka a 1993, a shari'ar jihar Wisconsin da wani mutum mai suna Mitchell, kuma alƙalan suka yanke cewa mutum yana da 'yancin riƙe ra'ayinsa komai muninsa, amma idan ra'ayin ne ya sa ya zaɓi wanda zai cuta, jiha tana iya ƙara masa hukunci. A lura kuma, a waccan shari'a baƙar fata ne ya jagoranci dukan wani yaro farar fata, wanda ya nuna cewa dokar ba ta wani ɓangare ba ce; tana kare kowa daga a far masa saboda asalinsa.

Babban dalilin, a fahimtata, shi ne ɓarnar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Wanda ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch da ke ƙasar New Zealand a ranar 15 ga Maris, 2019, ba wata rigima ce tsakaninsa da ɗayansu ba, kasancewarsu Musulmi kawai ya ishe shi. Haka aka kashe Yahudawa 11 a wurin ibadarsu a birnin Pittsburgh na Amurka a 2018. Idan rikicin bashi ya sa aka doki mutum, maƙwabcinsa yana iya barci da minshari, amma idan addininsa ne dalili, duk mai wannan addini ya san cewa da shi aka tarar, shi za a yi wa.

Tsohon Malami:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni ban ɗora wa tsananin hukunci nauyi sosai ba, domin yawancin irin waɗannan laifuka ba su kai wa gaban alƙali. Wanda aka saba wulaƙantawa, musamman baƙo marar cikakkun takardu, yakan haɗiye abin da aka yi masa saboda bai yarda za a saurare shi ba. An kashe Stephen Lawrence, matashi baƙar fata ɗan shekara 18, a Landan a 1993, amma sai a 2012 aka sami mutum biyu da laifin. Rahoton Macpherson na 1999, wato na kwamitin da ya binciki yadda 'yan sanda suka tafiyar da batun wannan kisa, ya ce wariya ta yi katutu a tsarin 'yan sandan birnin, ya kuma ba da shawarar a rubuta duk abin da wanda aka cuta, ko wani daban, ya ɗauka na wariya ne. Wannan ƙa'ida ta rajistar ƙorafi ce kawai. A kotu dole sai an kawo hujja.

Ma'aikaciyar Jinƙai:
Baba Malam, na yarda da kai, kuma ina so a tuna da zabiya. A Tanzaniya da Malawi an sha kai musu hari don a yanke sassan jikinsu, bisa camfin cewa suna kawo arziki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni domin wayar da kai a kansu. Mai wannan aika-aika yana iya rantsuwa cewa kwaɗayi ne ya ja shi, amma ai ya zaɓe su ne saboda halittarsu, kuma da wuya ya iya hakan in ba jama'ar da ke kewaye da shi sun riga sun daina kallonsu a matsayin cikakkun mutane ba.