Farantan Japan masu shuɗi da fari: yaya kuke gane tsoho a gwanjo?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tara tangaran ɗin Japan mai zanen shuɗi a kan fari, yawanci a wurin masu gwanjo. Matsalar ita ce kowane ɗan kasuwa sai ya rantse nasa ya girmi kakarsa. Ku da kuka daɗe a harkar, me kuke dubawa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Kifa farantin tukuna kafin ki saurari mai shi. Waɗanda na gada a kabet ɗin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, an buga musu "Made in Occupied Japan" a gindi. Na lokacin da Amurka ke riƙe da ƙasar ne bayan yaƙin duniya na biyu, kuma riƙon ya ƙare a 1952. Mai "Nippon", wato sunan Japan a yarensu, ya girme su, tsakanin 1891 da 1921 ake sa shi, don daga nan Amurka ta ce sai dai a rubuta Japan. Amma fa tambarin Nippon ya sha jabu, kada ki sakankance.

Ɗalibi a Fukuoka: Hajiya, a yi mini izini in ƙara. Na je kasuwar tangaran da ake ci a Arita daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, garin da sana'ar ta fara a Japan wajen 1616. Tsofaffin da aka yi don 'yan gida yawancinsu ba rubutun Turanci ko ɗaya. Wani dattijo ya sa na kai ido kusa da kofi biyu. Na zanen hannu, shuɗin ya taru ya yi duhu inda burushi ya tsaya, ya dishe inda ya wuce da sauri, kuma furanni biyu ba sa zama iri ɗaya. Na bugawa, sai ka ga gaɓar da zanen ya haɗu ta ɗan goce. Shi ma na bugawar akwai wanda ya haura shekara 100, sai dai kuɗinsa bai kai ba.

Ɗan Gwanjo: Ni farce nake sa wa. Lafiyayye ƙara yake yi kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyiyar tsaga sai ka ji ɗif. Faɗi-ka-mutu ne, a kwantena yake shan wahala, don haka Maman Biyu ki ƙwanƙwasa kowanne a gaban mai shi kafin ki biya.

Uwargida: Ni kam ci nake a nawa. Shuɗin yana ƙarƙashin ƙyallin ne, wanki ba ya taɓa shi. Masu bakin ruwan zinare ne ba na kai wa soson ƙarfe, nan da nan yake cinye su.