Psoriasis da ciwon hanta nau'in B: na rasa maganin da zan bi

Assalamu alaikum. Psoriasis, wata cutar fata, ya cinye min gwiwar hannu da fatar kai, farin ɓawo na zuba kan filo, da dare kuwa susa har jini. Man shafawa na steroid yana kwantar da shi, ina dainawa ya dawo. Likitan fata ya so ɗora ni kan wani magani mai suna methotrexate, sai gwajin HBsAg ya nuna ina da ƙwayar ciwon hanta B, ya fasa, don maganin na iya cutar da hanta. Adalimumab ma, wata allurar maganin psoriasis, ya ce da haɗari: yana toshe TNF, wani sinadari da garkuwar jiki ke danne ƙwayar da shi, don haka ƙwayar tana iya farfaɗowa. Gwajin ALT ɗina, mai duba lafiyar hanta, lafiya lau.

Likitocin hanta, in na fara shan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar ciwon hanta B, tukuna, zan iya karɓar allurar adalimumab?