Giyar motata ta maƙale a P, na taka birki ta ƙi fita

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Motata 'yar Kwatano ce mai giyar otomatik, shekara biyu a hannuna ba ta taɓa ba ni matsala ba. Yau da safe zan kai yara makaranta, ta tashi lafiya lau, na taka birki, na danna maɓallin sandar giya, amma ta kafe a P. Da ma kullum in na taka birki ina jin wani ɗan ƙara "ƙas" a gefen giyar, yau shiru. Ƙarshe a adaidaita yaran suka tafi. Maƙwabcinmu ya ce giyabos ne, gabana ya faɗi, don na san kuɗinsa.

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, kada ki bari kowa ya taɓa giyabos tukuna. Wannan "ƙas" ɗin da ya ɓace shi ne maganar. A ƙarƙashin sandar giya akwai ɗan sakata da ke riƙe ta a P. Can sama da inda ƙafarki ke taka birki kuma akwai ɗan suwic, shi ne mai kunna jan fitilun baya. Da kin taka, suwic ɗin zai aika wuta zuwa wani maganaɗisun lantarki, ya janye sakatar, sandar ta samu hanya. In wutar ba ta iso ba, ko da ƙarfi kika ja ba za ta fita ba, sai dai ki karya wani abu.

Ki sa wani ya tsaya a baya ki taka. In fitilun ba su kama ba, fiyus ne ya ƙone ko suwic ɗin ya mutu. Kafin gyara, duba kusa da sandar, yawancin motoci suna da ɗan murfin roba kamar farce. Ja hambirki, taka birki, ɓalle murfin, danna makulli a ramin, sandar za ta saki.

Abu Sadik:
Ƙari a kan bayanin malam: don ceton rai aka yi wannan sakata. A shekarun 1980 an yi ta ƙorafi a Amurka cewa Audi 5000 tana zabura da an saka giya, har kamfanin ya dawo da motocin a 1987 ya saka musu ita. Binciken hukuma na 1989 ya nuna galibi totur direbobin ke takawa suna zaton birki ne. Daga Satumban 2010 kuma doka ta wajabta ta a sababbin motocin otomatik a can, saboda yaran da ke jan giya mota ta gangara. Ina roƙonki kada ki yarda wani ya ce zai cire ta gaba ɗaya don sauƙi, tunda kina ɗaukar yara.

Maman Hanif:
Allah Ya saka muku da alheri. Na sa Hanif ya tsaya a baya, na taka, ya ce babu ko ɗaya da ya kama. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan, don jiya da magariba na ratso cunkoso da yaran a baya. Na samu murfin a hannun dama na sandar, amma ban fita da motar ba. Na kira mai gyara gida, ya kwanta ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya zaro suwic ɗin, bai wuce babban yatsana ba. Ya sa sabo, na taka, "ƙas" ɗin ya dawo, fitilun ma suka kama.