Kofin lakuros na jami'o'in Amurka: Syracuse goma gare ta ko sha ɗaya?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda aka sanar cewa lakuros, wasan ƙwallo da ake yi da sanda mai aljihun raga a kai, zai shiga wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles, bidiyon wasan suke ta yawo a waya, galibinsu kuwa na jami'o'in Amurka ne. Ina neman ƙarin haske wurin masana. Yaya ake shiga gasar kofinsu ta maza, kuma me ya sa sunaye 'yan kaɗan ne suke ta maimaituwa? Sannan wani wuri a rubuta jami'ar Syracuse ta ci kofin sau 10, wani wurin a ce 11, wanne ne daidai? Na ƙarshe, idan malamin motsa jiki a wata makaranta a nan Garwa yana so ya gwada wa yara wasan a filin ƙwallo, da me zai fara?

Malam Na-Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ita ke shirya gasar, kuma a 1971 ta soma. Kafin nan ba a yin wasan ƙarshe: sakamakon kakar ake dubawa a miƙa wa wadda aka ga ta fi cancanta kofin Wingate. A karon farko jami'o'i takwas suka shiga, Cornell ta doke Maryland da ci 12 da 6. An yi ta faɗaɗa ta, ta kai 12 a 1987, ta kai 16 a 2003, a 'yan shekarun nan kuma 17 ko 18 ne.

Ƙofar shiga biyu ce. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, duk rukunin da ke da ƙungiyoyi shida ko fiye, zakaransa yana da kujera kai tsaye. Sauran kujerun kwamiti ne ke rabawa, bayan ya duba wa ka doke, wa ya doke ka, da ƙarfin waɗanda ka kara da su. Rukunin ACC, inda Syracuse da Virginia da Duke da North Carolina da Notre Dame suke, ƙungiyoyi biyar kawai gare shi, saboda haka duk girmansu sai sun jira kwamiti. Takwas na sama su ke karɓar baƙi a zagayen farko, kuma wasa ɗaya ne, wanda ya faɗi ya kama hanyar gida. Ana yin na kusa da na ƙarshe ranar Asabar, na ƙarshe ranar Litinin ta ƙarshen watan Mayu. Kwana ɗaya ke nan na hutu, shi ya sa ƙungiyar da ba ta da 'yan canji masu kyau takan yi sanyi a kashi na huɗu. A lokacin awa biyar ce tsakaninmu da gabashin Amurka: wasan da aka fara ƙarfe ɗaya a can, ƙarfe shida ne a Marwa, ya ci karo da magariba.

Zuwa 2025 jami'o'i 12 kacal suka taɓa ɗaga kofin. Syracuse 10, Johns Hopkins 9, Virginia 7, Princeton 6, North Carolina 5, Maryland da Cornell huɗu-huɗu, Duke 3, Notre Dame 2, sai Loyola a 2012, Denver a 2015, Yale a 2018. Ba a yi gasar ba a 2020 saboda korona. Abin da zai fi ba ka mamaki, daga 1978 har 1998, shekara 21 cur, kofin bai fita hannun guda huɗu ba: Hopkins, North Carolina, Syracuse da Princeton. Dalilin a fili yake. Wasan ya yi jijiya ne a Baltimore, da Long Island, da arewacin jihar New York, da Kanada. Yaran da suka tashi da sanda a hannu daga nan suke, jami'o'in da ke kusa su kwashe su. Ga shi jami'o'i masu ƙungiya a matakin farko, wato mafi girma na NCAA, ba su kai 80 ba. Shi ya sa a wurina nasarar Denver ta fi kowacce nauyi, don ita ce ta farko da ta fitar da kofin zuwa yamma, ta doke Maryland da 10 da 5. Kocinta a lokacin, Bill Tierney, kuwa shi ne dai mutumin da ya ci wa Princeton duka shidanta.

Baban Shari, Njamena:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira, amma ya tsallake batun 11 ɗin. A fili Syracuse ta ci wasan ƙarshe sau 11. Na 1990, wanda ta doke Loyola, NCAA ta soke shi daga baya saboda karya doka kan bashin mota da aka tsaya wa ɗaya daga cikin 'yan wasanta. Ba a ba Loyola kofin ba, wurin a wofi yake a littafin hukumar. Magoya bayan Syracuse har yau 11 suke ƙirgawa. Ni dai ina ganin soke takarda ba ya soke abin da ido ya gani, ƙungiyar ba ta faɗi ko sau ɗaya ba a kakar. Zamanin tagwayen nan ne 'yan Kanada, Gary da Paul Gait. Gary ne a 1988 ya zabura daga bayan raga, ya yi tsalle ta saman da'irar gola, ya cusa ƙwallo yana sama, har sai da aka hana salon.

Amma in kana so ka gane tarihin gasar, ka daina kallon masu ci, ka kalli wa ke riƙe da ƙwallo. A ƙwallon ƙafa in an ci ka, kai za ka tashi wasa. A lakuros ba haka ba ne: bayan kowane ci ana ajiye ƙwallo a tsakiya, mutum biyu su sunkuya da sandunansu a ƙasa, a busa, su yi kokawarta. Ƙungiyar da ke da gwanin wannan kokawa tana iya cin uku ko huɗu a jere abokiyar karawarta ba ta ko taɓa ƙwallo ba. Dubi 2010. Duke da Notre Dame sun tashi 5 da 5, aka shiga ƙarin lokaci, inda wanda ya fara ci ya gama. C.J. Costabile na Duke, mai doguwar sanda, ya ci kokawar tsakiya, ya sheƙa a guje ya harba. Daƙiƙa biyar, Duke ta ɗauki kofinta na farko.

Abu na biyu shi ne fitar da ƙwallo daga gida. A 2009 Cornell tana gaba da 9 da 6, saura minti biyar da 'yan kai. Syracuse ta rage biyu. Saura ƙasa da rabin minti ƙwallo na hannun Cornell, abin da ya rage mata kawai ta tsallake da ita tsakiya, sai aka matse mai ɗauke da ita ta faɗi. Kenny Nims na Syracuse ya farke saura daƙiƙa huɗu da rabi, Syracuse ta ci 10 da 9 a ƙarin lokaci. Cornell ba ta sake ɗaga kofin ba sai 2025, bayan na 1977. Tun 2019 akwai agogon harbi na daƙiƙa 80, a cikinsu dole a tsallake tsakiya a 20 na farko, don haka ɓata lokaci da ƙwallo ya ragu sosai.

Yaya Mai Usur, Ngaundere:

Zan ɗauki tambayar ƙarshe. Shawarata, kada malamin ya fara da irin na jami'o'i. Wancan mutum goma-goma ne: gola, 'yan baya uku, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku, a fili mai kusan mita 100 da 55, kashi huɗu na minti 15. Akwai bangaza, akwai dukan sanda a kan sanda da safar hannu, saboda haka dole kowa ya sa hular kwano mai shingen fuska, da safa mai kauri, da kariyar kafaɗa da ƙirji, da robar haƙori. Kayan mutum 20 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma hular babur ba ta maye gurbin waccan. Ƙwallon roba ce tauri, nauyinta gram 140 zuwa 147, harbin manya kan wuce kilomita 140 a awa. In ta sami yaro a ƙirji daidai zuciya tana iya tsayar da bugunta. Wannan ba abin gwaji ba ne.

Ya ɗauki tsarin da za a yi a Olamfik: shida-shida har da gola, fili mita 70 da 36, kashi huɗu na minti 8, daƙiƙa 30 a harba, gajerun sanduna zalla. Kokawar tsakiya a farkon kashi kawai ake yi, in an ci gola ne ke tashin wasa. Ga yara sai ya cire bangaza da dukan sanda gaba ɗaya, ya yi amfani da ƙwallon tanis.

Raga murabba'i ce, mita 1.83 tsawo da faɗi, mai walda zai haɗa ta da bututun ƙarfe. A shigo da ita mita 10 daga layin ƙarshe, domin a wannan wasa ana kai hari daga bayan raga, a zana mata da'ira da toka ko farar ƙasa, mita uku daga tsakiya, ɗan gaba ba ya taka ciki. Gajeriyar sanda santimita 102 zuwa 107 ce. Ita kam gara a sayo ta gaske ko da kwance ce, goma sha biyu sun isa aji ya yi karɓa-karɓa.

Inda masu koyo ke tuntuɓe wuri uku ne. Wajen ɗaukar ƙwallo a ƙasa sukan tsaya a miƙe su soka mata sanda, sai ta gangara gaba. A durƙusa, hannun baya ya sauko kusan gwiwa, a kwashe ta ana tafiya kamar mai ɗiban hatsi da shebur. Wajen kamawa sukan kai mata sara, sai ta yi tsalle ta fita; a bar kan sandar ya ja baya kaɗan, kamar an jefo maka ƙwai. Na uku aljihun ragar sandar ne. In ya yi zurfi ƙwallo takan maƙale, jifa ya faɗi ƙasa, kuma doka ta hana: a riƙe sandar a kwance daidai ido, in an hango saman ƙwallo a ƙarƙashin bakin firam ɗin, ya yi zurfi, a ja igiyoyin. Ruwan sama na saki raga, a nan Ngaundere dole a duba bayan kowane wasan damina. Ku na Garwa rana ce matsalarku: a zafin Maris da Afrilu robar kan sanda tana laushi ta karkace, kada a bar su a fili ko a bayan mota, atisaye kuma da sassafe ko bayan la'asar.

Mako biyun farko bango ne malami. Yaro ya tsaya mita huɗu ko biyar daga bangon siminti, jifa 50 da dama, 50 da hagu, kullum. Wanda bai koyi hagu da wuri ba, mai tsaronsa zai rufe masa dama ya gama da shi.

Ɗan Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Usur, komar masunta ta bakin Binuwai za ta yi ragar? Golan kuma fa, tunda babu hula?

Yaya Mai Usur, Ngaundere:

Da ƙwallon tanis za ta yi, in an ninka ta biyu, idonta kuma bai wuce santimita huɗu ba. A ɗaure ta da sako-sako ta yi jela a baya har ƙasa, in ta ɗame ƙwallo na dawowa fili a yi ta gardamar ta shiga ko ba ta shiga ba. Gola kuwa kada a sa kowa sai an sami hula mai kariyar maƙogwaro da kariyar ƙirji. Kafin nan a rataya tsohuwar tabarma a tsakiyar ragar, a bar kusurwoyi huɗu a buɗe, kowacce kamar taki ɗaya, yara su koyi auna su.