Shenandoah da hunturu, wa ya taɓa zuwa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara za su samu hutun ƙarshen Disamba, maigida yana so mu tashi daga Maryland mu je gandun dajin Shenandoah da ke jihar Virginia mu kama ɗan gidan katako, daga nan mu gangara wajen Charlottesville inda gonakin inabi suke. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa da sanyi ya ba mu labari, musamman wancan yankin tunda mu ba ruwanmu da giya.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. A Janairu muka je kuma wlh ban yi nadama ba. Amma ku sani Skyline Drive, titin nan mai mil 105 da ya bi saman tsaunin daga Front Royal har Rockfish Gap, rufe shi ake yi da zarar ƙanƙara ta kwanta, wani lokacin sashe ɗaya kawai za ka tarar a buɗe, ku tabbatar kafin ku fito. Masaukan cikin gandun, Skyland da Big Meadows, suna rufe sai sanyi ya wuce, mu a garin Luray muka sauka a gida mai murhun itace, da dare muka haɗa shayi da citta yara suna gasa masara. Kan tsaunin ya fi gari sanyi sosai, ku ninka kaya.

Anti Zee: Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne shirun wurin, a Oktoba motoci layi suke yi saboda masu kallon ganye amma da hunturu kusan ku kaɗai ne, bishiyoyi sun kaɗe tas ana hango kwarin gaba ɗaya har tsaunin Massanutten, barewa na kiwo a bakin titi ba ta ko gudu. Mun sauka Dark Hollow Falls gefen ruwan duk ya daskare, sai dai hanyar akwai santsi, da ƙananan yara gara ku hau dutsen Stony Man ya fi sauƙi. Ranar da aka rufe titin kogon Luray muka shiga, tun 1878 aka gano shi, ciki kullum digiri 12 ne na Celsius, sai da muka cire jaket.

Ɗan Damagaram: Batun yankin inabin Hajiya, ni gaskiya ban shiga ɗakunan da ake ɗanɗana giya ba kuma raina ya fi kwanciya da haka. A mota muka zaga, kurangar duk ba ganye sai sanduna a jere kan tuddai, ma'aikata suna aske rassa cikin sanyin nan, manomi ne ni tun asali dole na tsaya na kalla. A Barboursville akwai kangon gidan gwamna James Barbour da tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya zana, ya ƙone ranar Kirsimeti ta 1884, ginshiƙan na nan tsaye. Ruwan tuffa mai zafi da kirfa ma ana samu, ku dai tambaya ko marar barasa ne don iri biyu ne kuma sunansu kusan ɗaya.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. To sallah da abinci fa?

Baban Khalifa: Akwai masallaci a Charlottesville, akwai a Harrisonburg, a can muka yi Juma'a. Nama ku taho da shi daga gida, a Luray ba mu samu na halal ba. Rana kuma wajen biyar take faɗuwa, ku yi sammako.

Anti Zee: Kuma ku kai yaran Monticello, gidan Jefferson. Kada ku tsaya a babban gidan kawai, ku bi ta Mulberry Row inda bayinsa suka zauna suka yi aiki, 'yata tun daga can har gida tambayoyi take min a mota.